Sarkin Katsina Usman Nagogo da Lambar Ingila

Ku sani, ya ku malamai da fatake, an haifi Usman Nagogo, ɗan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, a shekarar 1905. Ya shugabanci 'yan dokan Katsina, sa'an nan aka naɗa shi Magajin Gari. Da mahaifinsa ya rasu a 1944 sai ya gaje shi, ƙasar Katsina duka, har da Kankiya da Kusada da Fakuwa, ta dawo hannunsa.

A 1962 Sarauniyar Ingila, Elizabeth, ta ba shi lambar KBE, wadda mai ita ake kiransa Sir. To, shin karɓarta ta fitar da shi daga cikin 'yan ƙasar Nijeriya? Ko kaɗan. Ita lamba girmamawa ce kurum: ba a gadonta, ba ta mai da mutum ɗan Ingila, ba ta kuma raba shi da ƙasar haihuwarsa. Balle ma a lokacin Sarauniyar ce shugabar Nijeriya bisa tsarin mulki, har aka zama jamhuriya a 1963.

A Amurka majalisa ta taɓa neman kafa dokar korar ɗan ƙasa saboda karɓar sarautar waje, a 1810, amma jihohin da suka yarda ba su kai adadi ba.

Shi kuwa Nagogo ya ci gaba da sarautar ubansa, ɗansa Hassan ya zama Gwamnan Arewa a 1966. Ya rasu a 1981, bayan shekara 37 bisa gado. Allah ya jiƙansa, amin.