Guillaume Dupuytren

Guillaume Dupuytren (5 ga Oktoba, 1777 – 8 ga Fabrairu, 1835) likitan tiyata ne ɗan ƙasar Faransa. An fi saninsa da cutar hannu da ke lanƙwashe yatsu zuwa cikin tafi, wadda har yau likitoci ke kira da sunansa.

Farkon rayuwa da aiki

An haife shi a garin Pierre-Buffière, kusa da Limoges. Ya yi karatun likita a Faris cikin talauci, ya kuma fara da aikin feɗe gawa don koyar da ɗalibai. A 1815 ya zama babban likitan tiyata na asibitin Hôtel-Dieu, kuma ya riƙe muƙamin har mutuwarsa. Sarki Louis na XVIII ya ba shi sarautar baron. Ɗalibai na cika ɗakin karatunsa, amma abokan aikinsa da yawa ba sa ƙaunarsa saboda girman kai da zafin hali.

Cutar lanƙwashewar yatsu

Cutar takan fara da ɗan kulluɓutu a tafin hannu. A hankali sai ya zama kamar igiya a ƙarƙashin fata, yana jan yatsa ciki har ya kasa miƙewa. Ta fi kama ƙaramin yatsa da na kusa da shi, musamman a maza masu manyan shekaru. A zamanin Dupuytren, likitoci da dama sun ɗauka jijiyoyin da ke motsa yatsu ne ke tsukewa. Da ya feɗe hannun wani tsoho da ya mutu da cutar, sai ya tarar jijiyoyin lafiyarsu ƙalau. Abin da ya yi kauri ya tsuke shi ne tantani mai tauri da ke shimfiɗe ƙarƙashin fatar tafi. Wannan bambanci na da muhimmanci, domin yanke jijiya na iya kashe yatsan gaba ɗaya.

Ranar 12 ga Yuni, 1831 ya yi wa wani ɗan kasuwa mai sayar da giya aiki. Ya tsaga fata da tantanin a gicciye har yatsun suka saki, sannan ya ɗaure hannun a miƙe kan katako. A lokacin ba a fara amfani da maganin sa barci a tiyata ba. A Disambar shekarar ya maimaita aikin a gaban ɗalibai, a hannun wani mai tuƙa keken doki. Mujallar The Lancet ta buga bayaninsa da Turanci a 1834.

Ba shi ne ya fara lura da cutar ba. Felix Platter na Basel ya bayyana ta tun 1614, kuma Henry Cline da Astley Cooper na Landan sun riga shi gano tantanin. Ya kuma yi kuskure da ya ɗora laifin kan aikin ƙarfi da hannu. Yanzu an san gado ne babban dalili. Likitocin yau kan cire tantanin da ya lalace, ko su tsinka igiyar da tsinin allura, amma cutar takan dawo.

Mutuwa

A 1833 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki yana tsakiyar koyarwa. Ya mutu a Faris yana da shekara 57, aka binne shi a maƙabartar Père Lachaise. Ya bar wa tsangayar likitanci kuɗi masu yawa, kuma a 1835 aka buɗe gidan tarihin Musée Dupuytren.