Edward Baker: Sanatan da ya bar zauren majalisa ya mutu a fagen daga

A tarihin Amurka, Edward Dickinson Baker ne kaɗai sanata mai ci da aka kashe a fagen yaƙi.

An haife shi a birnin Landan ran 24 ga Fabrairu, 1811, iyayensa kuma suka ƙaura da shi Amurka yana yaro. Ya zama lauya a Jihar Illinois, ya shiga majalisar dokokin jihar a 1837. A birnin Springfield ya ƙulla aminci da Abraham Lincoln, amincin da ya kai har Lincoln ya raɗa wa ɗansa na biyu sunan Edward Baker.

Baiwarsa ita ce magana. Ita ta kai shi majalisar wakilai ta tarayya, inda ya ajiye kujerarsa domin yaƙin Meziko, ya jagoranci runduna a gumurzun Cerro Gordo a 1847. Ita kuma ta ba shi kujerar sanata daga Jihar Oregon a 1860. Shi ne ya gabatar da Lincoln ga jama'a ranar rantsar da shi.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861, sai Baker ya tara dakarun sa-kai. An yi masa tayin muƙamin janar, ya ƙi karɓa don kada ya rasa kujerarsa, ya tsaya a kanar.

Ran 21 ga Oktoba, 1861, aka ɗora masa jagorancin sojojin da suka haye Kogin Potomac zuwa Ball's Bluff a Jihar Virginia. Wurin tarko ne: gaba maƙiya cikin kurmi, baya gangare mai tsayi da kogi, kwale-kwalen fito kuwa 'yan ƙalilan. Duk da haka ya ci gaba da tsallako da mutane. Da yamma harsasai suka same shi, sahu ya wargaje, da dama suka nutse wajen gudu. Kusan rabin rundunar aka kashe, ko aka raunata, ko aka kama.

Masana tarihi da yawa na ganin babban kaso na laifin nasa ne. Amma abokan aikinsa a majalisa ba su yarda ba. A Disamba suka kafa kwamitin haɗin gwiwa mai sa ido kan tafiyar da yaƙin, fushin kuma ya sauka a kan shugabansa, Janar Charles Stone, wanda aka tsare kwana 189 ba tare da an tuhume shi ba.

Kabarin Baker yana birnin San Francisco.