Peter Safar

Peter Safar (12 ga Afrilu, 1924 – 3 ga Agusta, 2003) likita ne haifaffen Austriya da ya yi aiki a Amurka. Yana cikin waɗanda suka kafa hanyar farfaɗo da mutumin da zuciyarsa ta tsaya, wadda ake kira CPR, kuma ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda ƙwaƙwalwa za ta dawo lafiya bayan zuciya ta daɗe a tsaye.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Biyana, iyayensa duka likitoci ne. Ya kammala karatun likita a Jami'ar Biyana a 1948, sannan ya tafi Amurka ya ƙware a fannin sa majinyaci barci lokacin tiyata. Ya yi aiki a Lima ta ƙasar Peru kafin ya koma Baltimore.

Aiki

A Baltimore, Safar da James Elam sun nuna cewa hura iska baki da baki ya fi tsofaffin hanyoyin ɗaga hannuwa, muddin an karkatar da kai baya an ɗaga haɓa don maƙogwaro ya buɗe. Gwajin na da hatsari: an yi wa 'yan sa-kai allurar da ke tsayar da numfashi, sannan aka riƙa hura musu iska. Daga baya aka haɗa wannan da danna ƙirji, wanda masu bincike na Johns Hopkins suka bayyana a 1960. Ya kuma ba Asmund Laerdal na ƙasar Norway shawara wajen ƙera 'yar tsanar Resusci Anne da ake koyon aikin a kanta. A 1961 ya koma Jami'ar Pittsburgh.

Binciken ƙwaƙwalwa

A 1966 ciwon asma ya tashi wa 'yarsa Elizabeth, mai shekara 11, alhali ba ya gari. An samu zuciyarta ta ci gaba da bugawa, amma ƙwaƙwalwarta ta riga ta lalace, ba ta farka ba har ta rasu. Tun daga nan Safar ya dage cewa tayar da zuciya rabin aiki ne, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin kamar minti 5 idan jini bai kai mata ba, kuma ɓarnar takan ci gaba bayan jinin ya dawo. Saboda a kai wa mutane ɗauki da wuri ya taimaka wajen kafa motocin asibiti na Freedom House a 1967, inda aka horar da baƙaƙen fata na unguwar Hill.

A 1979 ya kafa cibiyar binciken farfaɗowa, wadda aka sa wa sunansa a 1994. A can ne gwaji a kan karnuka ya nuna cewa ɗan sanyaya jiki bayan zuciya ta dawo yana rage illa ga ƙwaƙwalwa. A 2002 wasu bincike biyu, ɗaya a Turai ɗaya a Ostiraliya, suka samu ƙarin majinyata da suka farka da hankalinsu bayan an sanyaya su zuwa digiri 32 zuwa 34. Binciken da ya biyo baya ya sa likitoci na muhawara kan ko sanyin ne ke taimakawa ko hana zazzaɓi kawai.

Mutuwa

Ya mutu a kusa da Pittsburgh sanadiyyar ciwon daji, yana da shekara 79.