Otto Jespersen da Gangar da Ba ta da Wakilin Suna

An haifi Otto Jespersen a garin Randers na ƙasar Denmak a 1860. Da shari'a ya fara karatu a Jami'ar Kopenhagen, daga baya ya sauya sheƙa zuwa nazarin harsuna, har ya riƙe kujerar farfesan Ingilishi daga 1893 zuwa 1925. Babban aikinsa shi ne nahawun Ingilishi na zamani mai juzu'i 7, wanda ya fara fitowa a 1909.

A juzu'i na uku, na 1927, ya tsaya kan tsarin da ke rikita ɗalibin Maradi ko Tasawa da ya fara sanin Faransanci. Bature kan ce the man I saw, babu whom babu that, alhali Faransanci ba ya yarda a jefar da que. Hausa ma haka: a “yaran da suka zo” ba a taɓa da, ga lamirin lokaci ya koma suka maimakon sun. Wasu manahawantan ƙarni na 18 sun ɗauki tsarin Ingilishin a matsayin sakaci. Jespersen ya ƙi wannan. A wurinsa ba a shafe komai ba, tsohon gini ne mai zaman kansa, sai ya raɗa masa sunan contact-clause, wato ganga mai manne da sunan da take bayani a kai. A ganina hujjarsa ta fi ƙarfi, ko da yake nahawun sauyi na Chomsky ya dawo da batun shafewa.

Ya ƙirƙiro harshen Novial a 1928. Ya rasu a Roskilde a 1943, juzu'in ƙarshe bai fito ba sai 1949.