SIR AHMADU BELLO, SARDAUNAN SAKKWATO: GWANIN WASAN KWALEJIN KATSINA DA BAI MANTA DA MAKARANTARSA BA

Ba mu tsammanin akwai mai karatun jarida a ƙasar nan wanda sai an gaya masa ko wane ne Sir Ahmadu Bello. Kowa ya san shi ne Firimiyan Jihar Arewa, ba a yi wani kafinsa ba, ba a kuwa yi wani bayansa ba. Amma akwai wani gefe na tarihinsa wanda ba a cika ambata ba, watau zamansa na ɗan makaranta a Kwalejin Katsina, da gwanintarsa wajen wasan ƙwallon bango, da irin zumuncin da ya riƙe tsakaninsa da makarantar nan har ƙarshen ransa. Wannan shi mu ke so mu tsakuro wa masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, gama shi ma da alli ya fara, sa'an nan ya koma kan takardun haraji.

An haife shi a Rabah, wajen mil 20 daga Sakkwato, cikin 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yana ɗan shekara shida mahaifin ya rasu. Ya fara da makarantar allo kamar kowane ɗan Musulmi, daga nan aka kai shi makarantar Lardi a Sakkwato. Da ya gama cikin 1926, sai aka zaɓe shi ya tafi Katsina.

KWALEJIN KATSINA

Gwamna Sir Hugh Clifford ya buɗe kwalejin nan ran 5 ga watan Maris, 1922, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Abin da aka nufa da ita shi ne ta horar da malamai waɗanda za su koma lardunansu su koyar, ba tare da sun yar da addininsu ko ladabin gidajensu ba. An zaɓi Katsina domin tsohon gari ne na ilmi, kuma nesa ya ke da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyarta. Ginin na ƙasa ne, karatun na shekara biyar ne, da Turanci a ke yinsa, akwai kuma malaman Arabiyya da addini, cikinsu har da Malam Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki.

Zuwa can ma kansa jarrabawa ne. Tsakanin Sakkwato da Katsina mil 170 ne, a ƙasa kuwa a ke tafiya, kwana bakwai a hanya. Yaron da ya sha wannan tafiya da ƙafarsa ba ya wasa da abin da ya je nema. A littafin makaranta an rubuta shi Ahmadu Rabah, lambarsa 87. Da ya isa ya tarar da Kashim Ibrahim na Barno da Aliyu na Bida, wanda ya zama Makama. Bayansa Abubakar Imam ya zo cikin 1927, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma cikin 1928, mai lamba 145. Kafin wannan zamani da wuya ɗan Sakkwato da ɗan Barno da ɗan Nupe su zauna wuri guda shekara biyar, suna ci tare, suna karatu tare, suna wasa tare. Turawa malamai su ke so, amma abin da su ka samu ya fi haka, domin a nan ne samarin nan su ka fara ganin kansu 'yan ƙasa guda.

WASAN ƘWALLON BANGO

Kullum da yamma sai wasa, ba wanda a ke ɗauke wa. Ana ƙwallon ƙafa, ana kurket, amma wanda ya shiga ran Ahmadu shi ne ƙwallon bango, wanda Turawa ke kira Fives. Asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila ne, inda yara su ka ƙago shi suna buga ƙwallo a jikin bangon majami'ar makarantarsu. Malaman Turawa su ka kawo shi nan, ya kuwa karɓi ƙasar, saboda ba ya bukatar kome sai bango, magina kuwa ba su yi mana ƙaranci ba.

Ga yadda ya ke, domin waɗanda ba su taɓa gani ba. Fili ne ɗan ƙarami mai bango uku, gaba da dama da hagu, baya a buɗe. Mutum huɗu ke shiga, biyu na karawa da biyu. Da tafin hannu a ke bugun ƙwallon, ta doki bangon gaba bisa wani layi, abokin karawa kuma ya mayar kafin ta faɗi ƙasa sau biyu. A jikin bangon hagu akwai wani ɗan gini da ya turo ciki, a tsakiyar filin kuma akwai ɗan matakala, su ne ke karkatar da ƙwallon ta nufi inda ba a zata ba. Waɗanda su ka riga kai 12 su su ka ci. A Ingila wata 'yar ƙwallo ce mai tauri a ke bugawa, a nan kuwa ƙwallon tanis a ka ɗauka.

Abu biyu ya kamata a lura da su. Na farko, hannu biyu a ke wasan da su, wanda hagunsa ta mutu ba ya nisa. Na biyu, bisa al'adar wasan ba a sa alƙali. In ƙwallo ta faɗi sau biyu kafin ka buga, kai da kanka za ka faɗa, ko da ba wanda ya gani. Wasa ne da ke gwada ƙarfin jiki da saurin ido, yana kuma gwada gaskiyar mutum.

Ahmadu dogo ne, ƙaƙƙarfa, mai tsawon hannu, ga zafin nama. Bai bar Katsina ba sai da ya zama shugaban 'yan wasan nan na kwalejin duka. A littafin tarihin kansa da a ka buga cikin 1962 ya yabi wasan ƙwarai, ya nuna shi ne hanya mafi sauri da mai aiki da yawa zai motsa jininsa.

DAGA AJI ZUWA MULKI

Cikin 1931 ya koma gida ya zama malami a Midil ta Sakkwato, yana koyarwa da safe, da yamma yana koya wa yara wasa. Cikin 1934 Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Rabah. Da Hasan ya rasu cikin 1938 yana cikin masu neman gadon, amma Allah ya ba Abubakar na Uku. Shi kuwa a ka naɗa shi Sardauna, a ka tura shi Gusau ya duba gundumomin gabas.

Cikin 1943 a ka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta ɗora masa laifi. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, a ka wanke shi. Duk akawun da kuɗin jama'a ke bi ta hannunsa ya san abin da wannan ke nufi, domin da hukuncin farko ya tabbata, da tarihin ya tsaya nan. Ya je Ingila cikin 1948 ya koyo sha'anin mulkin ƙananan hukumomi, ya shiga Majalisar Wakilai ta Kaduna cikin 1949, ya zama Minista cikin 1952, Firimiya cikin 1954. Ran 15 ga watan Maris, 1959, Arewa ta sami mulkin kanta a hannunsa.

ZUMUNCIN 'YAN MAKARANTA

Ita kuwa makarantar ba ta zauna wuri ɗaya ba. An ɗauke ta daga Katsina zuwa Kaduna cikin 1938, daga can zuwa Zariya cikin 1949, a ka yi ta sauya mata suna, har cikin 1971 a ka tsaya a kan Kwalejin Barewa. Amma lambar 'yan makaranta ba ta yanke ba, inda ta Katsina ta tsaya nan ta Kaduna ta ɗora. Saboda haka yaron da ya shiga a Zariya yana iya ƙirga tazarar da ke tsakaninsa da mai lamba 87. Tun cikin 1939 tsofaffin 'yan makarantar su ka kafa ƙungiyarsu a Kaduna, tarurrukanta kuwa na cikin wuraren farko da masu ilmin boko na Arewa su ka fara tattauna al'amuran ƙasarsu.

Da mulki ya zo hannun Sardauna, waɗanda ya sani tun suna samari su ya jawo. Makaman Bida ya riƙe kuɗi, Alhaji Isa Kaita ya riƙe ayyuka sa'an nan ilmi, Sir Kashim Ibrahim ya zama Gwamna cikin 1962, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma yana Ikko yana Firayim Ministan Tarayya tun 1957. Wasan ma bai bari ba. A Kaduna, in an tashi aiki, sai Firimiya ya tuɓe babbar riga ya shiga fili tare da ministocinsa da ma'aikata, manya da ƙanana. Magana da yawa wadda ba ta faɗuwa a ofis a bakin filin nan ta ke samun hanya. Da ya ziyarci Ingila har Eton ya je, ya buga a inda wasan ya samo asali. A zamaninsa ne kuma, cikin 1959, a ka sa tsohon ginin kwalejin na Katsina cikin kayan tarihin ƙasa da hukuma ke tsarewa, daga baya a ka mai da shi gidan adana kayan tarihi.

Gaskiya kuwa ba kowa ya yi murna da wannan zumunci ba. Abokan hamayya sun yi kukan cewa mulki ya zama na sarakai da 'yan makaranta guda. Abin lura shi ne, manyan masu wannan suka su ma 'ya'yan makarantar ne. Malam Sa'adu Zungur ya yi Katsina, Malam Aminu Kano ya yi Kaduna daga 1937 zuwa 1942. Ciki ɗaya ya haifi gwamnati da masu yi mata adawa.

ABIN DA KWALEJIN TA RASA

Son da Sardauna ya ke yi wa makarantarsa bai rufe masa ido ga gazawarta ba. Ɗalibanta kaɗan ne, aikin da a ka fi shirya su dominsa kuwa koyarwa ne da aikin En'e. Sa'ad da masana'antu su ka fara tashi a Bompai ta Kano, masu matsar gyaɗa da jeme fata da yin sabulu da takalma, masaƙar Kaduna kuma ta fara aiki cikin 1957, sai a ka ga Arewa na da gyaɗa da auduga da fata, amma ba ta da isassun injiniyoyi da makanikai da masu lissafin kuɗi na kanta. Ɗan ƙasa na ɗaukar buhu, baƙo na riƙe da inji da littafi.

Maganin da ya nema shi ne ƙarin makarantu. Gwamnatinsa ta yawaita sakandare a larduna, da makarantun koyon sana'a, ta tura samari ƙasashen waje, ta kuma dage a kan a fara ba ɗan Arewa aiki in ya cancanta. An kafa Bankin Arewa, babban ofishinsa a Kano. Cikin 1960 a ka buɗe wata kwaleji a Kano da sunansa, wadda a ka mayar Kwalejin Abdullahi Bayero, ita ce tushen Jami'ar Bayero. Ran 4 ga watan Oktoba, 1962, a ka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, garin da tsohuwar makarantarsa ta zauna, shi ne kuma shugabanta na farko. Unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa bayan rasuwarsa a ka yi su, amma da yawa daga waɗanda su ka riƙe su daga makarantun nan su ka fito. A ganinmu wannan ita ce babbar sakayyar da ya yi wa Katsina, watau ya gina abin da ita ba ta iya ba shi ba.

Daren 15 ga watan Janairu, 1966, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu su ka auka wa gidansa a Kaduna, su ka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A juyin nan a ka kashe Sir Abubakar ma. Bai bar dukiyar da za a nuna ba. Gidan nasa ya zama Gidan Arewa, wurin binciken tarihi. An sa hotonsa a takardar naira 200 cikin shekarar 2000, an kuma sa Kofin Sardauna domin gasar ƙwallon bango. Makarantarsa kuwa bayansa ta ba Nijeriya shugabanni huɗu, Janar Yakubu Gowon, da Janar Murtala Muhammed, da Alhaji Shehu Shagari, da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa.

To, jama'a, kowannenmu akwai makarantar da ta yaye shi. Muna roƙon malamai kada su ɗauki sa'ar wasa sa'ar banza, domin a nan a ke gane yaron da zai faɗi gaskiya a kan kansa ba da alƙali ba. Muna kuma roƙon waɗanda Allah ya ɗaukaka su waiwayi inda su ka fito, su duba rufin aji da bangon filin wasa, su tambayi abin da makarantar ta rasa a zamaninsu, su yi ƙoƙari na baya su same shi. Allah ya jiƙan Sardauna da abokan karatunsa da malamansu, ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.