Ansel Adams: Gwanin hoton da ya rubuta komai, ya manta da kwanan wata

Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan wayar hannu zai tuna da mai hoto rataye da kyamara a gidajen biki da filin Idi, daga birnin Katsina har ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Fim ɗaya bai wuce hoto 36 ba, kuma ba a ganin sakamako sai an kai shi wanki. Idan aka ce fim ya ƙone, shi ke nan, biki ya riga ya wuce. Fim ba ya ajiye bayanin yadda aka saita kyamara, saboda haka mai hoton da bai rubuta ba, ba zai taɓa sanin inda ya yi kuskure ba. Mutumin da ya yi fice a duniya wajen mayar da wannan rubutu ya zama ilimi mai tsari shi ne wani Ba'amurke, Ansel Adams.

Tasowarsa

An haifi Adams a birnin San Francisco da ke Jihar Kaliforniya a ranar 20 ga Fabrairun 1902. Yana ɗan shekara huɗu girgizar ƙasar 1906 ta auka wa birnin, wata girgiza da ta biyo baya ta buga shi da katanga, hancinsa ya karye, ya kuma rayu da shi a karkace. Zaman aji ya gagare shi, har mahaifinsa ya cire shi daga makaranta aka ci gaba da koyar da shi a gida. A nan ya koya wa kansa kiɗan fiyano, ya shafe shekaru yana shirin zama makaɗi. Horon maimaita abu ɗaya sai ya daidaita, wanda kiɗan ya ɗora shi a kai, shi ya tafi da shi cikin sana'ar hoto.

A 1916 iyalinsa suka ziyarci gandun Yosemite mai manyan duwatsu, inda aka ba shi ƙaramar kyamarar Kodak Brownie. Tun daga nan bai rabu da wurin ba. Ya shiga ƙungiyar kare muhalli ta Sierra Club a 1919, ya auri Virginia Best a 1928, sannan a 1930 ya yanke shawarar barin kiɗa ya rungumi hoto.

Farantin ƙarshe

A watan Afrilun 1927 ya hau tsauni domin ɗaukar dutsen Half Dome. A lokacin da faranten gilashi yake aiki, kuma da ya isa inda yake so, biyu kacal suka rage masa. Ya ɗauki na farko da gilashin tace haske mai launin rawaya, sai ya fahimci hoton ba zai fito da kwarjinin da yake gani a zuciyarsa ba. Ya sauya zuwa jan gilashi, wanda ke duhunta sararin sama, ya ƙara tsawon lokacin buɗe kyamara, ya ɗauki na ƙarshe. Hoton ya fito yadda ya ƙudura. Daga ranar ya riƙi ƙa'idar cewa mai hoto ya fara ganin hotonsa a zuci kafin ya danna, sannan ya yi lissafin da zai kai shi can.

Matakan haske

Wajen 1939 zuwa 1940, shi da abokin aikinsa Fred Archer, lokacin suna koyarwa a Los Angeles, suka fito da tsarin da ya raba haske zuwa matakai 11, daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Kowane mataki ninki biyu ne na hasken wanda ke ƙasa da shi, na biyar kuma shi ne ruwan toka na tsakiya. Mai hoto zai auna wurin da ya fi duhu da wanda ya fi haske, ya zaɓi matakin da zai ajiye kowanne.

Tsarin ba ya aiki sai da alƙalami. Adams ya tsara takarda ta musamman da ake cikewa a kan kowane hoto: irin fim, lambar gidan da fim ɗin ke ciki, gilashin kyamara, faɗin ƙofar haske, tsawon lokacin buɗewa, gilashin tacewa, da yadda za a wanke. Da yake babbar kyamararsa falle ɗaya take ɗauka a lokaci guda, kowane falle wankinsa daban. Wanda haskensa ya yi tsanani a rage masa lokaci a ruwan wanki, wanda ya dushe a ƙara masa. Idan hoto ya lalace, takardar za ta nuna dalili. Idan ya yi kyau, ana iya maimaitawa.

Wata a kan Hernandez

Wata rana da yamma a 1941, yana tuƙi a Jihar New Mexico tare da ɗansa Michael da wani abokinsa, sai ya hango wata ya fito a kan ƙauyen Hernandez, hasken rana mai faɗuwa na haska fararen alamomin makabarta. Ya tsaya da gaggawa ya kafa kyamara, amma aka nemi mitar auna haske aka rasa. Sai ya tuna adadin hasken wata da ya haddace, ya ajiye watan a mataki na bakwai, ya buɗe kyamara na sakan ɗaya a kan f/32. Kafin ya juya gidan fim ya ɗauki na biyu, haske ya bar makabartar. Daga wannan falle ɗaya ya wanke hotuna sama da 1,300 a rayuwarsa.

Sai dai gwanin bai rubuta ranar ba. A wurare daban-daban an jingina hoton ga shekaru mabambanta tsakanin 1940 da 1944. Wannan kuwa ba ƙaramin giɓi ba ne, domin a 1941 yana aikin kwangilar ɗaukar hotunan gandayen ƙasa ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Amurka. Abin da ya ɗauka a ranakun da ya caji gwamnati nata ne, na sauran ranaku kuma nasa.

Masana taurari ne suka cike giɓin ta hanyar auna matsayin wata a cikin hoton. Kusan shekara 40 bayan ɗaukarsa, David Elmore ya ƙiyasta ranar 31 ga Oktoban 1941. A 1991 Dennis di Cicco na mujallar Sky & Telescope ya gyara lissafin zuwa 1 ga Nuwamban 1941, da ƙarfe 4:49 na yamma. Da aka duba takardun kuɗin tafiye-tafiyensa, waɗanda ya adana da kyau, sai aka ga bai caji ma'aikatar a ranar ba. Littafin lissafi ya tabbatar masa da mallakar da littafin kyamara ya bari a buɗe.

Ƙarshen rayuwarsa

Adams bai tsaya ga duwatsu kaɗai ba. Littafin hotunansa na 1938 ya taimaka wajen kafa gandun ƙasa na Kings Canyon a 1940. A 1943 ya shiga sansanin Manzanar ya ɗauki hotunan Amurkawa 'yan asalin Japan da gwamnati ta tsare a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aikin da ya jawo masa suka daga wasu 'yan ƙasarsa. Ya yi shekara 37 a kwamitin gudanarwar Sierra Club, kuma a 1980 Shugaba Jimmy Carter ya ba shi lambar yabo ta 'yanci, ɗaya daga cikin mafiya girma da ake bai wa farar hula a Amurka.

Ya rasu a ranar 22 ga Afrilun 1984 a Monterey, yana da shekara 82, shekara bakwai kafin a tantance ranar da ya ɗauki shahararren hotonsa. A 1985 aka raɗa wa wani tsauni a iyakar Yosemite sunansa. Fina-finansa da takardunsa suna ajiye a Jami'ar Arizona da ke Tucson, inda ɗalibai da masu bincike ke zuwa duba su har yau.