Taƙaitaccen Tarihin John Cooper, Maƙerin Motocin Tsere

Sunan Cooper na fara ganin sa ne a bayan wata 'yar ƙaramar mota da ake kira Mini Cooper, har na ɗauka sunan gari ne. Ashe mutum ne, kuma tarihinsa nake son in ɗan gutsura wa mai karatu.

An haifi John Cooper ranar 17 ga Yuli, 1923, a yankin Surrey na ƙasar Ingila. Mahaifinsa Charles bakanike ne mai gareji a Surbiton. John ya bar makaranta yana ɗan shekara 15 ya shiga koyon sana'ar ƙira, daga baya ya yi aiki da sojan sama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Da yaƙi ya ƙare, samarin Ingila na sha'awar tsere amma aljihu babu nauyi. Sai aka fito da wani rukuni na ƙananan motoci masu kujera ɗaya, waɗanda injinsu bai wuce cc 500 ba, wato injin babur. A 1946 John da abokinsa Eric Brandon, da taimakon Charles, suka samo gaban tsofaffin motocin Fiat Topolino guda biyu suka haɗa, suka ɗora injin babur na JAP. To, a nan gizo ke saƙar. Injin babur da sarƙa yake juya ƙafar baya, saboda haka abin da ya fi sauƙi shi ne a ajiye shi bayan direba. A wancan zamani kuwa manyan motocin tsere a gaba injinsu yake. Ni a ganina ba wata doguwar falsafa ce ta kai su ga wannan ba, larura ce kurum, kuma John ɗin kansa bai taɓa ɓoye haka ba.

Motar ta yi gudu, masu saye suka yi ca. Uba da ɗa suka kafa kamfanin Cooper. A 1948 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Stirling Moss ya sayi tasa, ya fara cin gasa da ita. A 1950 aka mai da rukunin ya zama Formula 3 ta duniya, motocin Cooper suka mamaye shi. Wanda duk ya tara ɗan abin hannu yana iya sayen mota ya gwada sa'arsa, ba sai ɗan masu hali ba.

Ƙaramar nan ita ta haifi babba. A 1958 Moss ya ci gasar Formula 1 ta Ajantina da Cooper mai inji a baya, Jack Brabham kuma ya zama zakaran duniya da ita a 1959 da 1960. Tun daga nan ba a sake samun zakara mai inji a gaba ba. Mini Cooper ɗin da na gani, asalinta ta fito ne a 1961.

Sai dai abin bai ɗore ba. Lotus da sauransu suka ɗauki dabarar suka wuce su. A 1963 John ya yi mummunan haɗarin mota a kan hanya. A 1964, shekarar da Jackie Stewart ya lashe gasar Formula 3 ta Birtaniya da Cooper, mahaifin ya rasu. John ya sayar da kamfanin a 1965, a 1969 kuma aka daina tseren gaba ɗaya. Ya koma sayar da motoci da gyaran Mini a Sussex, har ya rasu ranar 24 ga Disamba, 2000, yana da shekara 77.